Neman Mamaci a Damagaram

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna teburin mai shayi a tare ni, kowa tambayarsa ɗaya: "Kofur Isyaku, wai da gaske ne ka je ka taho da gawa tana tafiya da ƙafarta?" Na faɗa har muryata ta dishe, kuma duk wanda na ba labarin, yana juya baya sai ya ƙara nasa gishirin. Shekaranjiya a tashar Kazaure na ji wani yana rantsuwa wai a jirgin sama na tafi. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi yadda ya faru, kowa ya huta, ni ma in huta.

Ni dai tsohon ɗan doka ne na En'e. Da gwamnatin soja ta haɗe mu da 'yan sandan tarayya, aka canja mana kaki, aka turo mana sabon shugaba, Sufeto Yohanna, mutumin wajen Jos, mai Hausa kamar jakin Kano da tsananin son aiki. A ƙarƙashinsa ne wannan magana ta taso.

Akwai wani manomi a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, ana ce masa Malam Mamman. Wani fatake daga Nijar, Abdu mai kanwa, ya saba sauka a gidansa duk shekara. A zuwansa na ƙarshe jakunansa suka kwance suka shiga gyaɗar Mamman, shi da Mamman suka yi faɗa a bainar jama'a, har Mamman ya ce, "In na sake ganinka a garin nan sai na ga bayanka." Washegari aka nemi Abdu aka rasa. Da watanni suka ja, ƙanensa Musa ya biyo sawu yana cigiya, sai makiyaya suka nuna masa rigar Abdu a bayan gonar Mamman, duk busasshen jini. Musa ya kai ƙara. Ni da kaina na sa wa Mamman ankwa. Ya shafe damina guda a gidan yari yana jiran shari'a, ana shirin ɗaukarsa zuwa babbar kotu a Kano, inda shari'ar kisa ke iya ƙarewa da igiya.

Sai ga yayar Mamman, Hajo, mai sayar da fura a kasuwar Roni, ta faɗo ofishinmu ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce wani mai korar shanu ya gaya mata ya ga Abdu da idonsa a Magarya, cikin fursunoni, yana ɗibar ruwa.

Sufeto ya saurare ta har ta gama, sannan ya kira ni gefe. Ya ce, "Kofur, in na bi ƙa'ida, takarda za ta tafi Kano, Kano ta aika Ikko, Ikko ta aika Yamai, Yamai ta tambayi Damagaram. Kafin amsa ta dawo, mutumin nan ya daɗe a gaban alƙali. A da yaya kuke yi?"

Na ce, "Yallaɓai, a da hakimi ne zai aika wa takwaransa na can da goro da ɗan aike, magana ta ƙare."

Ya ce, "To kai ne ɗan aiken. Na sanar da na gaba da ni, ya yarda. Ka cire kaki, ka tafi da matar nan tunda ta san fuskarsa. Ga wasiƙa da hatimi. Ba kamu za ka je yi ba, roƙo za ka je yi."

Muka hau motar 'yan kasuwa zuwa Babura, ni a gaba kusa da direba, Yaya Hajo a baya kan buhunan gero, ta rungume ƙwaryar da ta cika da dawo. Na ce mata ta rage kaya, ta ce, "Kofur, kai ka riƙe takardarka, ni in riƙe tawa." A Babura muka kwana gidan wani tsohon abokin aikina, da safe muka samu wata tsohuwar akori-kura mai ƙetara iyaka. Yaran motar sun ɗaura faifan ƙarfe biyu a gefenta. Na tambayi amfaninsu, direba ya yi dariya ya ce zan gani.

Na gani kuwa, amma kafin nan na ga abin da ya fi shi. Muna wuce shingen ƙarshe na ƙasarmu, sai direba ya karkata sitiyari ya koma hannun dama, ga wata babbar mota ta taho gadan-gadan. Na cafke hannunsa ina salati, ina cewa, "Kai, koma hannunka!" Motar ta wuce ta hagunmu lafiya lau, fasinjoji suka fashe da dariya. Ashe can a dama ake tuƙi. Ni da na yi shekaru ina tsayar da direbobi kan laifin hanya, ni ne na kusa kifar da mota.

A shingensu na farko aka sauke mu duka. Masu kula da kaya ana ce musu duwan, 'yan sandan hanya kuma jandarma, da wata hula tasu mai kama da gwangwani. Wani jandarma ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a ƙafata. Na saka babbar riga da hula, amma takalmin aikina ne a ƙafata, ga askin bariki. To yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, sai ya ɗauka sojan da ya gudu ne. Na miƙa wasiƙa, ya jujjuya ta, ba ya karanta Ingilishi. Aka zaunar da ni a benci a bayan kanta, wurin da ni ke zaunar da mutane a gida. Ban taɓa sanin bencin nan yana da tauri haka ba.

Yaya Hajo ce ta fisshe ni. Ta sauko ta shimfiɗa mayafinta a ƙofar ofishin, ta sayi nono wurin wata Bafulatana, ta dama fura, ta miƙa wa babbansu ludayi, sannan ta kwashe labarin ƙanenta tun daga jakuna har zuwa ankwa. Babban, wani dattijo mai furfura a gashin baki, ya ajiye ludayin ya dube ni.

"Mushe," in ji shi, "kai ɗan sanda ne?"

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, a tsare ni na yarda, amma a kira ni mushe ban yarda ba. Da raina da lafiyata."

Sai da direbanmu ya shiga tsakani yana share hawayen dariya, ya bayyana mini cewa a bakinsu mushe girmamawa ce, kamar mu ce malam ko yallaɓai, daga Faransanci suka samo ta. Dattijon ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya rubuta 'yan layuka da Faransanci a bayan wasiƙata, ya buga nasa hatimin, ya ce in nuna a Magarya. Na ƙame na buga ƙafa na sara masa, shi kuwa ya miƙo hannu muka gaisa. Na lura su ba sa buga ƙafa kamar mu. Babba da ƙarami sai an sha hannu da safe kafin a fara aiki.

Daga nan rairayi ya fara. Mota ta nutse, a sauko, a tona, a shimfiɗa faifan ƙarfen nan a ƙarƙashin taya, a tura, ta yi gaba kaɗan ta sake nutsewa. Babbar rigata da na ajiye tun Sallah ta koma kalar ƙasa. Muka isa Magarya rana tsaka, na nufi ofishin jandarma da sauri, na tarar da ƙofa a kulle. Wani mai gadi da ke kwance ƙarƙashin dalbejiya ya ce kowa ya tafi barcin rana, sai la'asar ta kawo jiki. Na ce, "To in aka yi sata yanzu fa?" Ya ce, "Ɓarawon ma barci yake."

Da yamma suka buɗe, kuma gaskiya da suka buɗe sun yi aiki. Aka haɗa mu da wani gardi, wato irin gandirobanmu, ya kai mu gidan yari, wanda su ke kira gidan kaso. Aka duba sunaye, babu Abdu. Aka fito da fursunoni suka jeru, Yaya Hajo ta bi su ɗaya bayan ɗaya, babu shi. Na fara tunanin abin da zan gaya wa Sufeto, da fuskar Mamman ranar da za a ɗora shi a motar Kano.

Yaya Hajo ba ta motsa ba. Ta ce wa gardin, "Ɗana, dogo ne, baƙi, ƙaramin yatsansa na hagu a guntule, in zai ce kanwa sai ya yi ka-ka-ka sau uku."

Gardin ya tafa hannu. "Ai Idi mai in'ina kike nufi! Duwan suka kama shi da atamfa da kananzir ta hanyar daji. An kwashe su zuwa Damagaram aikin gini."

Muka kwana a zauren wani mahauci ɗan asalin Roni, wanda ya ji muryar Yaya Hajo a tasha ya gane ta. Ya cika mu da kilishi, matarsa ta kawo soyayyar fara da yaji faranti guda. A gida fara abin yara ce, can kuwa manya ke zama su ci ta da daraja. Na ci don kunya, na ƙara don daɗi.

Damagaram babban gari ne, duwatsunsa sun tuna mini da na Kazaure. Muka sauka a unguwar Zango, gidan wani Alhaji mai masaukin fatake, Bakano ne da ya yi shekaru a can har bakinsa ya juya, yana cewa "lahiya lau". Da safe aka kawo mana burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa kamar ƙwarya. Yaya Hajo ta ƙwanƙwasa shi a ƙasa ta ce wannan ai makami ne, ta jiƙa shi a fura. Buzaye baƙin Alhaji kuma suka ba ni shayinsu a ɗan ƙaramin kofi, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na ce na gode, ashe sai an sha zagaye uku, tashi kafin na uku rashin ladabi ne.

Alhaji ya raka mu wurin da fursunoni ke gini. Abin da ya ba ni mamaki, babu kayan fursuna irin namu, kowa da rigarsa ta gida, gardi ɗaya da tsohuwar bindiga yana zaune a inuwa, matan wasu sun kawo musu abinci suna ci. Muna isowa, Yaya Hajo ta ajiye ƙwaryarta a hankali. Wani dogo ya taho ɗauke da bulo a kai, hancinsa a karkace.

"Abdu!" ta ƙwala masa kira.

Bulon ya faɗi ya fashe. Ya tsaya yana kallonta. "Ya-ya-yaya Hajo? Me ya kawo ki nan?"

"Mutuwarka ta kawo ni," in ji ta. "Ka mutu tun bara, ƙanena ne ya kashe ka, ana shirin rataye shi."

Ya zube ƙasa ya dafe kai. Da ya samu natsuwa ya ba mu labari. Kunyar faɗan nan ce ta sa ya kama hanya da asuba ba sallama. Yana ɗaura kaya a bayan gonar Mamman jaki ya harbe shi a hanci, jini ya ɓalle, ya tare da rigarsa, da ta ɓaci ya yar da ita. Da duwan suka kama shi, sai ya ba su sunan ƙarya don kada labari ya kai garinsu a ce ɗan gidan liman yana kaso. Shi a zatonsa danginsa na can suna cewa ya wuce kudu fatauci. Ya yi ta kuka yana cewa Mamman bai taɓa hana shi tuwo ba ko ranar da suka yi faɗan.

Ganinsa abu ɗaya ne, kai shi gida wani abu ne. Aka ce sai mun ga alƙalin gwamnati. Na zaci zan tarar da dattijo da rawani da littattafai kamar namu, sai ga matashi Bazabarme da kwat da tabarau, Hausarsa ba ta da yawa, tafinta a gefensa. Ya ji bayanina, ya sa aka kawo Abdu ya yi masa tambayoyi, sannan ya ce zai rubuta shaidar cewa mutumin yana raye, a ɗauki hotonsa a manna. Amma fursunan ƙasarsu ba zai ƙetara iyaka ba sai da izinin Yamai.

Ni dai na ga an samu abin da ya samu, har na fara godiya. Yaya Hajo ta matso ta durƙusa.

"Allah ya ba ka nasara, takarda za ta fitar da shi daga gidan yari, na yarda. Amma a garinmu wa ya iya karatunta? Za a ce mun saya ne. Yanzu haka ba mai cin abinci a gidan Mamman, ba mai tsayawa kusa da 'ya'yansa a sahu. In ba su ga Abdu da idonsu ba, ƙanena zai mutu da sunan mai kisan kai. Ka taimake ni su gan shi."

Tafinta ya juya masa. Alƙalin ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ya ce, "Doka ta hana ni fitar da shi daga ƙasa. Ba ta hana ni kai shi bakin ƙasa ba." Ya sa ranar Juma'a mai zuwa, a shingen da muka shigo.

Saura sanar da Sufeto. Na je gidan waya, aka ce saƙon sai ya bi ta Yamai da Ikko. Alhaji ya ce in bar wahala, ya kai ni tasha wurin wani direban tirela mai zuwa Kano ta Daura. Kafin rana ta faɗi wasiƙata tana teburin Sufeto.

Ranar Juma'a muka taho a motar jandarma, Abdu a tsakiyar gardi biyu. Tun daga nesa na hango ƙura da mutane. Na zaci Sufeto zai zo da mutum uku ko huɗu. Ashe labari ya zaga kasuwar Roni da ta Gwiwa, mutane sun cika akori-kura, wasu a keke, wasu a jaki, har 'yan Babura da ba ruwansu da maganar sun biyo kallo. Sufeto na gaba cikin kakinsa da aka goge har yana ƙyalli, ga magatakardan kotu, ga dagacin ƙauyen su Mamman, ga Musa mai ƙara.

Dattijon nan mai gashin baki ya tsayar da Abdu a bayan sandar shinge, ɓangarensu. Namu suka tsaya a ɓangarenmu. Musa ya matso yana leƙen fuskar, saboda hancin ya canja masa kama. Abdu ya ɗaga hannun hagu, ya ce, "Mu-mu-musa, ni ne."

Musa ya kurma ihu ya tsallake sandar, ba wanda ya tambaye shi takarda. Mata suka ɗauki guɗa, maza suka ɗauki kabbara. Dagaci ya hau kan tayar mota ya ce, "Jama'a, kun gan shi?" Aka amsa, "Mun gan shi!" Ya sake tambaya, aka sake amsawa har tsuntsaye suka tashi daga itatuwa. Magatakarda ya rubuta shaidar Musa da ta dagaci a kan murfin injin mota. Sufeto ya ƙame ya sara wa dattijon, dattijon ya miƙa hannu, sai Sufeto ya sauke nasa suka gaisa, ɗaya na Ingilishi ɗaya na Faransanci, da suka ga ba ta ɓullewa suka koma Hausa. A nan suka yi alkawari duk wanda ya kama mutumin ɗaya ɓangaren zai aiko wa ɗan'uwansa da suna da kamanni. Aka yi sallar Juma'a tare a garin iyaka, sannan aka mayar da Abdu ya ƙarasa 'yan watannin da suka rage masa.

Da kotu ta zauna, ba a daɗe ba. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce sun janye, majistare ya ce an sallami Malam Mamman, ba shi da laifin komai. Na roƙi Sufeto ya bar ni in kai takardar sallamar gidan yari da hannuna, tunda da hannuna na kai shi.

Babban gandiroba ya karanta, ya aika aka kawo Mamman. Aka ba shi rigar da ya shigo da ita, ta yi masa yawa kamar ta aro. Labari ya riga ya shiga ciki, fursunoni suka hau buga kwanukansu suna kiran sunansa, har 'yan kasuwa suka jiyo suka taho a guje suna zaton tawaye ake. Aka buɗe babbar ƙofa. Ga Yaya Hajo, ga matarsa da 'ya'yansa, ga Musa a durƙushe yana neman gafara, ga mutanen ƙauyensu sun cika titi.

Mamman ya zo bakin ƙofa ya tsaya cak. Ya dubi jama'a, ya dubi titi, sannan ya waiwayo wurin babban gandiroba, ya rusuna kamar yadda ya saba kullum, ya ce, "Ranka ya daɗe, in wuce?"

Gandiroban ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Malam Mamman, daga yau ba ka da mai ba ka izini. Tafi duk inda kake so."

Ya ɗaga ƙafa ya taka waje.